Bakteriyar saiwa: ƙananan halittun da ke ciyar da shuka, suke kuma tsare ta daga cuta

Duk manomin da ya taɓa tuge gindin wake ko na gyaɗa a tsakiyar damina ya ga wasu ƴan ƙullutai manne da saiwar, wasu kamar ƙwayar gero, wasu sun kai ƙwayar dawa. Da yawa kan ɗauka ciwo ne ya kama shukar. Alhali kuwa kowane ƙullutu ɗaki ne da shukar ta gina da kanta, ta zaunar da miliyoyin bakteriya a ciki, suna haɗa mata taki daga iska.

Sunan da aka saba kiran waɗannan halittu da shi a Hausa, wato "ƙwayoyin cuta", ya yi wa mafi yawansu ƙazafi. Bakteriya halittu ne masu ƙwayar rai guda ɗaya tak, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ɗakin bincike. Ƙalilan ne daga cikinsu ke jawo cuta. Saura suna ruɓar da ganye da kashin dabbobi, suna sa madara ta zama nono, suna sa kalwa ta zama daddawa. Wani rukuni kuma ya zaɓi zama a jikin saiwar tsirrai ko a cikinta, kuma shi ne masana ke kira bakteriyar saiwa masu haɓaka girman shuka. Masana biyu na Amurka, Joseph Kloepper da Milton Schroth, su ne suka raɗa wa rukunin wannan suna a 1978.

Kasuwar da ke ci a gindin saiwa

A 1904 wani masanin aikin gona ɗan Jamus, Lorenz Hiltner, ya lura cewa ƴar siririyar ƙasar da ke manne da saiwa ta bambanta da sauran ƙasar gona. Kaurinta bai wuce ƴan milimita ba, amma ƙananan halittun da ke cikinta sun ninka na ƙasar da ke nesa da saiwa sau da yawa. Ya kira wurin "rizosfiya". A giram guda na irin wannan ƙasa ana iya samun ɗaruruwan miliyoyin bakteriya.

Dalilin cunkoson shi ne abinci. Ganye yana haɗa sukari da hasken rana, sai shukar ta tura wani kaso ƙasa, ta zubar da shi ta saiwa tare da wasu sinadarai masu tsami da wata yauƙi da ke fita daga bakin saiwar. A wasu tsirrai abin da ake zubarwa ta wannan hanya yakan kai kashi ɗaya cikin biyar na abincin da ganye ya haɗa. Shukar da ke fama da ƙarancin ruwa da taki ba za ta yi wannan kyauta a banza ba. Ciniki ne irin na ba ni gishiri in ba ka manda, kuma shukar tana da ta cewa a kan wanda zai zauna, domin irin sinadaran da take fitarwa suna jawo wasu bakteriya, suna korar wasu.

Wake, gyaɗa da takin da ke cikin iska

Kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa naitirojin ne, wanda masu karatun Faransanci suka sani da azot. Shi ne sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar, shi ne kuma abin da manomi ke saye idan ya sayi yuriya: buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Sai dai shuka ba ta iya cin na iska kai tsaye, saboda ƙwayoyinsa a ɗaure suke biyu-biyu da ɗauri mai wuyar kwancewa. Kamfanonin taki suna kwance shi ne ta hanyar da Fritz Haber da Carl Bosch suka ɓullo da ita a Jamus, wadda aka fara aiki da ita a masana'anta a 1913. Tana buƙatar zafin da ya haura digiri 400, da matsin iska mai tsanani, da iskar gas mai yawa. Shi ya sa duk lokacin da gas ya yi tsada taki ke binsa, kamar yadda manoma daga Marwa har Tamale suka ji a jikinsu a 2021 da 2022.

Bakteriyar da ake kira rizobiya suna yin wannan aiki a cikin ƙasa, a zafin gona na yau da kullum. Masana biyu na Jamus, Hermann Hellriegel da Hermann Wilfarth, su ne suka tabbatar a tsakanin 1886 da 1888 cewa dangin wake suna samun naitirojin daga iska ta hanyar ƙullutan saiwarsu. A 1888 kuma Martinus Beijerinck, ɗan ƙasar Holan, ya ware bakteriyar da ke ciki, ya rene ta a ɗakin bincike.

Yadda ake ƙulla zumuncin abin lura ne. Idan shukar wake ta ji ƙarancin naitirojin, sai saiwarta ta saki wasu sinadarai da ake kira filabonoyid, tamkar sallama. Rizobiyar da ta dace da wannan shuka ta gane sallamar, ta mayar da amsa da nata sinadarin. Da amsar ta iso, sai ɗaya daga cikin siraran gashin saiwar ya lanƙwashe ya rungume bakteriyar, a buɗe mata wata ƴar hanya kamar zare zuwa cikin saiwa. A can ciki ƙwayoyin saiwar suna ta rabuwa har su zama ƙullutu. Gyaɗa ta ɗan bambanta: tata rizobiyar takan shiga ne ta ƴar tsagar da ke samuwa inda ƙaramar saiwa ta ɓullo daga babba.

A cikin ƙullutun, bakteriyar tana aiki da wani sinadari mai suna naitirojinas wajen mayar da naitirojin na iska ya zama amoniya, wadda shuka ke iya amfani da ita. Wannan sinadari yana da rauni guda, iskar oksijin tana lalata shi, alhali ita bakteriyar tana buƙatar oksijin don ta yi numfashi. Shukar ta warware matsalar da wani jan sinadari, ɗan'uwan wanda ke sa jinin mutum ya yi ja, wanda ke kama oksijin yana miƙa wa bakteriyar kaɗan-kaɗan. Shi ya sa idan aka tsaga ƙullutu mai aiki da farce, cikinsa ja ne ko ruwan hoda.

Manoman Sahel sun daɗe suna cin moriyar wannan ba tare da sanin sunansa ba. Haɗa wake da gero ko dawa a gona guda, da shuka hatsi a inda aka yi gyaɗa bara, duk a nan suka dogara. Najeriya da Nijar ne kan gaba a duniya wajen noman wake, don haka batun na gida ne. Itatuwa ma suna ciki: gawo, bagaruwa da dakwara duk suna yin ƙullutai. Amma ba duk mai kwanso ne ke yi ba, tsamiya da kalgo ba sa yi. Game da gawo kuwa, albarkar da ake gani a ƙarƙashinsa a gonakin Damagaram ba ta bakteriya kaɗai ba ce. Ganyen da yake zubarwa da shigowar damina da kashin dabbobin da ke hutawa a inuwarsa da rani suna da babban rabo.

Wani abin mamaki daga yankin shi ne tsiron da ake kira Sesbania rostrata, mai fitowa a wuraren da ruwa ke kwanciya. Shi har a jikin kara yake yin ƙullutai. Masu bincike a Dakar, cikinsu har da Bernard Dreyfus, su ne suka bayyana haka a farkon shekarun 1980, aka kuma raɗa wa bakteriyarsa suna Azorhizobium caulinodans. Ana shuka shi a binne shi ɗanye a gonakin shinkafa a matsayin taki.

Akwai gyara guda da ya kamata a yi wa maganar da ake yawan yi cewa wake yana gyara gona. Mafi yawan naitirojin da aka kama yana tafiya ne cikin ƙwaya da ganye da kara. Idan aka roro waken aka kai kasuwa, aka ɗaure harawa aka ɗora a kan itace ko aka sayar wa masu kiwo a birni, abin da ya rage wa gonar saiwa ce kawai da ganyen da ya zube. Ribar tana komawa gona ne idan takin dabbobin da suka ci harawar ya koma can.

Fosforas, saiwa da ƙishirwa

Ƙasar jigawa ta Sahel tana da ƙarancin fosforas, ɗan abin da ke akwai ma yakan ɗaure da ƙarfe ko alminiyam ko alli, ya ƙi narkewa. Wasu bakteriya daga dangin Pseudomonas da Bacillus suna fitar da ruwa mai tsami da ke narkar da shi har saiwa ta iya sha. Wannan ya sa masu bincike ke gwada haɗa su da garin dutsen fosfat da ake haƙowa a yankin, irin na Tawa a Nijar, na Tilemsi a Mali da na Kodjari a Burkina Faso, wanda ke da arha amma yake jinkirin narkewa. Bakteriyar dai ba ta ƙirƙirar fosforas. Tana kwance wanda ke nan ne, idan babu shi kuwa babu abin da za ta kwance.

Batun ya shafi ƙuduji ma, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Dawa ko geron da ke jin yunwar fosforas yana ƙara fitar da wani sinadari ta saiwa don neman taimakon wasu nau'in fumfuna masu amfani, kuma wannan sinadarin ne ke tayar da irin ƙuduji daga barci. Abin da ya sa ke nan ƙuduji ya fi addabar gonar da ta gaji.

Wasu bakteriyar kuma sinadarin girma suke haɗawa, irin wanda ita kanta shukar ke yi, mai suna oksin. Yana sa saiwa ta yi rassa da gashi da yawa, ta mamaye ƙasa, ta kai ga ruwa da abincin da da ba za ta kai ba. Fitacciya a nan ita ce Azospirillum, mai zama a saiwar masara, dawa, alkama da ciyayi. Johanna Döbereiner, wadda aka haifa a tsohuwar Cekosulobakiya a 1924 ta yi aikinta a Birazil har rasuwarta a 2000, ita ce ta jawo hankalin duniya gare ta a shekarun 1970. Da farko an sa rai za ta yi wa hatsi abin da rizobiya ke yi wa wake. Daga baya aka gane naitirojin da take bayarwa kaɗan ne, babban amfaninta yana wajen faɗaɗa saiwa.

Akwai kuma masu kwantar wa shuka da hankali. Idan fari ko gishiri ko ambaliya suka matsa mata, shuka takan fitar da iskar etilin, wadda ita ce ke nunar da ayaba da mangwaro. Idan ta yi yawa sai saiwa ta daina tsawo, ganye ya fara zuba. Wasu bakteriya suna cinye sinadarin da ake haɗa etilin da shi tun kafin a haɗa, sai shukar ta ci gaba da girma har ruwa ya dawo, in dai farin bai yi tsawo ba.

Masu gadin saiwa

Hanya mafi sauƙi ta kariya ita ce riga zama. Fumfunar da ke ruɓar da saiwa ko ta sa shuka yaushi, irin su Fusarium da Rhizoctonia, sai ta sami wuri da abinci a jikin saiwa kafin ta shiga. Idan ta tarar bakteriya sun riga sun lulluɓe wurin da wata yauƙi da suke yi, sun cinye sukarin da ke fita, sai ta rasa madafa.

Sai kuma yaƙin ƙarfe. Kusan kowane mai rai yana buƙatar sinadarin ƙarfe, amma wanda ya narke a ƙasa ɗan kaɗan ne. Wasu Pseudomonas suna sakin wasu sinadarai masu kama ƙarfe gam, su jawo shi gare su, su bar fumfunar da yunwa.

Hanya ta uku guba ce kai tsaye, kuma misalin da aka fi yin nazari a kansa ya fito ne daga gonakin alkama. Akwai wata cutar fumfuna da ke baƙanta saiwar alkama har ta kashe ta. Manoma a Turai da Amurka sun lura cewa idan aka yi ta shuka alkama a gona guda shekara bayan shekara, cutar takan yi tsanani na ƴan shekaru, sannan ta lafa da kanta. Masu bincike, musamman a jihar Washington ta Amurka, suka ɗebi ƙasar gonar da cutar ta lafa suka zuba kaɗan a wata ƙasar, sai kariyar ta bi ta. Da suka gasa ƙasar da zafi kuwa, kariyar ta ɓace. Wannan ya nuna mai rai ne ke aikin. Daga bisani aka gano wasu Pseudomonas ne da suka yawaita a saiwar alkamar, masu haɗa wani maganin kashe fumfuna da ake taƙaita sunansa da DAPG.

A Ostareliya, a farkon shekarun 1970, Allen Kerr na jami'ar Adelaide ya gano wata bakteriya marar cutarwa, mai lamba K84, wadda ke kashe ƴar'uwarta mai jawo kumburi a gindin itatuwan marmari. Ana tsoma saiwar dashe a ruwan da ke ɗauke da ita kafin a dasa. Tana cikin bakteriyar farko da aka sayar a kasuwa don kare tsirrai daga cuta.

Bacillus subtilis, ƴar gidan da ke nunar da daddawa, ita ma tana haɗa sinadarai masu huda jikin fumfuna. Abin da ya sa kamfanoni suka fi son ta shi ne, idan wuya ta yi wuya takan dunƙule cikin wani ƙoƙo mai tauri, ta jure zafi da bushewa na tsawon lokaci. Ga ƙasashen da buhu kan kwana a rana a tasha, wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce. Dangin Streptomyces ma suna nan. Su ne ke ba ƙasa ƙamshin nan na ruwan farko, kuma daga cikinsu ne Albert Schatz da Selman Waksman suka samo maganin siteraftomaisin a 1943, wanda ya zama magani na farko mai tasiri a kan tarin fuka.

Hanya ta huɗu ta fi sauran ban mamaki, domin bakteriyar ba ta ko haɗuwa da cutar. A 1991 rukunin masana a Holan da wani a Amurka suka nuna, kowanne a nasa gwajin, cewa idan aka sa wasu bakteriya a saiwa, kara da ganyen da ke sama ma suna ƙara juriya. Na Amurka a kan kokwamba suka yi aikin. Zaman bakteriyar a saiwa yana sa shukar ta kasance cikin shiri, ta yadda da cuta ta taɓa ganye sai ta yi saurin kaurara bangon ƙwayoyinta, ta fitar da sinadaran kare kai. Ana kwatanta abin da allurar rigakafi, ko da yake shuka ba ta da irin garkuwar jikin mutum. Yana rage tsananin cuta ne, ba ya kawar da ita ɗungum.

Kada dai a ɗauka duk mazauna saiwa mutanen kirki ne. Ralstonia solanacearum, mai sa tumatir da dankalin turawa su yi yaushi farat ɗaya suna kore, ta saiwa take shiga. Wasu kuma, kamar Pseudomonas aeruginosa, suna iya taimakon shuka amma su cutar da mutumin da jikinsa ya yi rauni, shi ya sa ake tantance kowace iri kafin a ba da izinin sayar da ita.

Daga ɗakin bincike zuwa gona

Tun 1896 Hiltner da abokin aikinsa Friedrich Nobbe suka yi rajistar garin rizobiya na sayarwa mai suna Nitragin. Amma inda abin ya fi yin tasiri shi ne Birazil, wadda ke kan gaba a noman waken suya a duniya, kuma kusan duk naitirojin da wakenta ke ci daga bakteriyar Bradyrhizobium da ake shafa wa iri yake fitowa. A 2025 aka ba Mariangela Hungria ta cibiyar bincike ta Embrapa kyautar abinci ta duniya saboda aikinta a wannan fanni.

A Afirka, shirin N2Africa da jami'ar Wageningen ta jagoranta tare da cibiyar IITA daga 2009 zuwa 2019 ya gwada irin wannan gari a gonakin ƙananan manoma a ƙasashe da dama, ciki har da Najeriya da Gana. IITA kuma tana haɗa nata na waken suya a Ibadan, mai suna NoduMax. Abin da gwaje-gwajen suka nuna ya fi tallan kamfani amfani ga manomi. Waken suya, da yake baƙo ne daga gabashin Asiya, shi ne ya fi amsawa, musamman a gonar da ba a taɓa shuka shi ba, saboda rizobiyarsa ba ta cikin ƙasar. Wake da gyaɗa da gujiya kuwa ba su da tsani, suna ƙulla zumunci da rizobiyar da suka tarar, don haka ƙarin da gari ke kawo musu wani lokaci a gan shi, wani lokaci a'a. Kuma sau da yawa sakamako ya fi kyau idan aka haɗa garin da takin fosforas, domin gina ƙullutu da ciyar da shi suna cin fosforas sosai.

Ga sauran bakteriyar, masu narkar da fosfat da masu kariya, tazarar da ke tsakanin tukunyar gwaji da gona ta fi faɗi. Wadda ta yi abin a zo a gani a ƙasar da aka tsabtace a ɗakin bincike, idan ta shiga gona sai ta tarar da ƴan gida da suka saba da zafin wurin da tsaminsa, su danne ta cikin ƴan makonni. Saman ƙasar jigawa da rana tsaka yakan wuce digiri 45. Ga kuma matsalar kasuwa: abu ne mai rai, kuma leda ba ta nuna ko na cikinta ya mutu. Inda hukuma ba ta gwada kayan da ke shigowa ta kan iyaka, manomi na iya sayen baƙar ƙasa zalla. Duk wanda ya ce ruwan kwalbarsa zai maye gurbin taki gaba ɗaya a gonar gero ko masara, ya faɗi abin da bincike bai nuna ba. Gara a nemi shawarar malaman gona ko cibiyoyin bincike na ƙasa, irin su INRAN a Nijar, IRAD a Kamaru da ITRAD a Cadi.

Wanda ya sami garin rizobiya mai kyau, ya fara duba cewa na irin shukarsa ne, domin na waken suya ba lallai ya yi wa gyaɗa aiki ba, ya kuma duba ranar ƙarewar wa'adi. A ajiye shi a wuri mai sanyi, ko da gindin randa ne. Ranar shuka a ɗan jiƙa iri da ruwan sukari ko na ƙaro don garin ya manne, a cuɗa a inuwa, a bari ya sha iska kaɗan, a shuka a ranar cikin ƙasa mai danshi, a rufe da wuri. Wasu magungunan da ake shafa wa iri suna kashe bakteriyar, haka ma zuba yuriya da yawa yana sa shukar ta daina gina ƙullutai, tunda ta sami abin da take nema ba wahala. Yana da kyau a bar ƴan kunyoyi ba a sa musu garin ba, don a kwatanta da kaka.

Lokacin da wake ya fara fure ne ya fi dacewa a duba. A haƙo gindi biyu ko uku da fartanya a hankali, kada a fizge, a wanke saiwar, a tsaga ƙullutan. Ja ko ruwan hoda alama ce ta ana aiki. Fari yana nufin bai fara ba ko kuma bakteriyar da ta shiga raggo ce, kore ko baƙi kuwa ya tsufa. Akwai wani kumburin da ke kama da ƙullutu, wanda wasu ƙananan tsutsotsin ƙasa ke jawowa, ana yawan ganinsa a tumatir da kuɓewa, wani lokaci har a wake. Ana bambance su da yatsa: ƙullutun rizobiya a gefen saiwa yake, da an murza sai ya ɓalle, kumburin tsutsa kuwa jikin saiwar ne da kansa ya kumbura, ba ya fita sai an karya ta.